Shekarar da Muryar Malam Ta Bar Shago

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, na tsaye ya zauna, mai magana ya haɗiye sauran. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai wannan ba tatsuniya ba ce. A gidanmu aka yi ta, a Digel, cikin Njamena, kuma ina wurin tun daga farkonta. Ni ban iya riƙe alƙalami ba, faɗa nake yi ana rubutawa, na kuma ce kada a gyara mini magana.

Abin da ya tayar da ita shi ne, a wurin sunan da aka yi kwanan baya na ji wata jikata, wadda ko cikinta ba a ɗauka ba sa'ad da abin ya faru, tana ce wa 'yar'uwarta, "Ai Baba Ɗanlami ne ya sayar da muryar Kaka Malam." Ta faɗe shi hankali kwance, kamar mai cewa gobe Juma'a. Nan na gane magana ta yi saiwa, ta shiga cikin kayan gado. Wanda kuke ce wa Baba Ɗanlami ɗana ne na fari. Laƙabi ne shi ya sa ma ya iya fitowa daga bakina, sunansa na yanka kuwa ban taɓa faɗa ba. Haka aka rene mu: uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta tare masa faɗa. A bakina shi Yaron nan ne, ko da yake furfura ta cinye masa gemu. Yanzu tsufa ya sassauta mini wannan ɗauri kaɗan, don haka ku saurara.

Kakana ya taso daga ƙasar Katsina da sanda da gora, zai je Makka a ƙasa. Da ya iso bakin kogin Shari guzuri ya ƙare, ya ce bari ya yi noman damina ɗaya ya wuce. Daminar nan ce har yau ba ta ƙare ba. A nan aka haifi uwata, a nan aka haife ni, a nan aka ba ni ga Malam, kakanku, tela. Shagonsa ɗaki ne a gaban gida mai kallon titi, bangonsa ɗaya da ɗakina. Yana da keken ɗinki na ƙafa, amma sunansa ya fita ne a aikin hannu, wuyan riga da aljihu. Mutum ne mai faɗa a baki da sanyi a ciki. Almajirin ɗinki zai wuni yana jan zare, Malam ya ɗaga rigar ya kalle ta a hasken ƙofa, ya ja tsaki ya ce, "Warware ka sake." Duk wanda ya koyi ɗinki a Digel a zamanin nan ya sha wannan kalma har ta ishe shi.

Yaron nan bai ɗauki allura ba. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya koyi buga takarda, sa'an nan ya zauna wurin wani mai gyaran na'urori ɗan kudu a unguwar Shagwa, ana ce masa Alfons. Ana gab da shiga shekara ta dubu biyu, ran nan sai ga shi da kaya a kan amalanke, an lulluɓe da tsohon bargo. Kwamfuta ce, wadda a nan muke ce wa ordinater. Ta hannu ce, wani ofis ya gaji da ita, fararta ta koma kalar haƙorin mai cin goro. Malam ya ba shi rabin shago, amma bai ba shi kyauta ba, sai da ya sha baƙar magana.

"Wannan mai wutsiyar fa?"

"Suri ne, Baba. Ɓera ke nan da Hausa. Da shi ake nuna mata abin da ake so."

"Ɓera! A ɗakin da nake ajiye shaddar mutane ka kawo mini ɓera, har da ɗaure shi da igiya kada ya gudu?"

Haka suka zauna, keke na ƙara a dama, na'ura na ƙara a hagu. Mutane suna kawo takardar neman aiki da katin gayyatar biki yana buga musu. Amma abin da ya fi so shi ne yi wa na'ura ado, don ashe ita ma tana da sutura. Da Faransanci suna ce wa abin tem, Malam ya ce riga ce, sunan kuwa ya bi ta. Rigar nan ita ce hoton da ke shimfiɗe a fuskar na'ura, da launin gefe-gefe, da siffar 'yar kibiyar da ke yawo, da irin kukan da take yi in an kunna ta, ko an yi kuskure, ko za a kashe. Yana da wani faifai mai sheƙi cike da ɗinkakkun riguna daga waje, wata teku, wata daji da kukan tsuntsaye, wata taurari. Ma'aikata su ɗauko na'urorinsu a bayan babur su kawo, ya sa faifan, rigar ta shige da kanta da komai nata, su tafi suna murna kamar an yi musu ɗinkin Salla.

"Ashe kai ma tela ne," in ji Malam. "Sai dai kai kana ɗinka wa wadda ba ta jin sanyi, ba ta zuwa Idi."

"Baba, ita ba ta dawowa ta ce hannu ya yi mata tsawo."

"To in kai tela ne, ɗinka taka mana. Ɗan kwaikwayo ne kawai ke rataya ɗinkin wani."

Wannan magana ta zauna masa. Ya sa mai hoto ya ɗauki Malam a bakin ƙofar shago yana kan keke, ya kai wurin Alfons aka shigar da hoton. Ya zaɓi shuɗi irin na shaddar da Malam ke so. Ya zauna ya zana allura ƙarama da hannunsa, ta maye gurbin kibiya. Saura murya. Wata ranar zafi bayan la'asar, wuta ta zo, ƙanwarsa Rabi tana gida ta kawo mana ziyara daga unguwar Butalbagar inda take aure, sai ya fito da wani makirfo siriri kamar tsinken tsire. Malam ya ce shi ba mawaƙi ba ne. Rabi kuwa ita ce 'yar lelensa, abin da ta roƙa ba ya kwana.

"Baba, sallama kawai. Yadda kake yi mana da safe."

"In yi wa akwati sallama? Ta amsa?"

"Mu za mu amsa."

Ya gyara hula kamar mai shiga gaban alƙali, ya yi gyaran murya, ya ce, "Salamu alaikum. An tashi lafiya? To a yi bismilla, aiki ba ya yin kansa." Ta rufewa ya ce, "Kalas, shi ke nan. A rufe, Allah ya kai mu." Ta kuskure kuwa sata aka yi. Yaron nan ya bar makirfo a buɗe har Malam ya kama wani almajiri da karkataccen ɗinki, aka samu tsakin da kalmar duka, sabbi fil. Ya haɗa su wuri ɗaya ya sa wa rigar suna Baba. Tun daga ranar, in wuta ta zo aka kunna na'ura, Malam ne ke buɗe shago sau biyu. Akwai wani jandarma da ya zo buga takarda, ya kai hannu ya taɓa abin da bai kamata ba, na'ura ta ja masa tsaki ta ce ya warware ya sake. Ya miƙe tsaye yana tambaya da Larabci wa ke zaginsa. Unguwa ta yi mako tana dariya. Malam yana cewa shirme ne, amma in abokansa sun zo shan shayi sai ka ji ya ce, "Kai, kunna musu abin nan su ji."

Malam bai yi doguwar jinya ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi cikin damina, kafin a ce me ya cika. Na shiga takaba. Da aka sake buɗe shago na ji ƙarar na'ura ta bango amma ban ji sallama ba. Ashe Yaron nan ya zare igiyar lasifika don kada ya tayar mini da hankali. Na kira matarsa Asabe na ce ta gaya wa mijinta a daina toshe wa na'ura baki. Washegari ina zaune a kan tabarma da carbi, sai muryar ta ratso bango, da ɗan kaushin nan nata na mai cin goro, tana tambaya ko an tashi lafiya. Na amsa. Na san ba shi ba ne, ban haukace ba, na san inda aka kai shi. Amma sallama sallama ce, kuma shekara da shekaru da ita nake tashi. Da na fita takaba sai na riƙa zuwa in zauna a kujerar Malam da safe har a kunna. In wuta ta yi kwanaki ba ta zo ba, sai in ji kamar ya haye kogi zuwa Kusiri sayen zare. Ranar da ta dawo yara su yi ta ihu a titi, ni kuwa in gyara ɗaurin kallabi in nufi shago. Rabi tana zuwa duk Juma'a da 'ya'yanta. Da gangan take danna abin da ba daidai ba don uban ya ja mata tsaki, ta yi dariya, ta share ido da bakin mayafi.

Haka muka yi shekaru biyu ko fiye. Sai shekarar da nake son ba ku labari ta zo, shekarar da Asabe ke da cikin Ummi. A shekarar ne mijin Rabi ya tafi da ita Abeshe wurin kasuwancinsa, damina ta rufe hanya suka daɗe a can. A shekarar ne kuma sabon tsari ya cika gari. Na'urori masu ƙarfi suka shigo, shaguna suka buɗe a kowace kusurwa, tamu ta zama tsohuwa mai tari. Ni ban lura ba, don abin da nake zuwa ji ina jinsa. Asabe ce ta buɗe mini ido, muna tsakar gida tana yin kisar, wainar nan tamu marar kauri, ina tsince mata kuɓewa.

"Inna, in faɗi magana ba za ki ce na kai ƙarar miji ba?"

"Faɗi, in ƙara ce ni ce alƙali."

"Shago ya mutu, Inna. Tun bara Alfons yake ce masa ya kawo tsohuwar ya karɓi mai ƙarfi ya yi ciko a hankali. Ya ƙi. Ya ce muddin kina zuwa kujerar nan da safe ba mai taɓa ta. Ya hana ni gaya miki. Zoben da kika ga ba na sawa, ba ɓata ya yi ba, jinginar da shi muka yi."

Na gama tsintar kuɓewar na tashi. Washegari na daɗe a shago ban tashi ba bayan sallama. Wata malamar makaranta ta shigo da aikinta a faifai, ya sa, na'ura ta yi ta nishi, Malam ya ja tsaki, ya sake sawa, Malam ya sake jan tsaki. Sai na ji Yaron nan ya ce mata, a hankali don kada in ji, ta gangara kusa da kantin magani akwai sabon shago, su za su iya buɗewa. Da bakinsa ya tura mai kawo masa abinci gidan wani. Ya juyo ya ga ina kallo, ya yi murmushi ya ce aikinta ne ya lalace. Na kwana ina juya abin. Na tuna Malam da kansa, yadda ya sayar da tsohon kekensa na hannu ranar da na ƙafa ya shigo gari, bai ko waiwaya ba. Da safe suna karyawa a tsakar gida, na zauna na fuskanci Asabe, shi yana gefe da kofin shayi, don ni ba na yi masa doguwar magana ido da ido.

"Asabe, ki gaya wa mijinki ubansa bai taɓa riƙe dakusasshiyar allura don tsohuwa ce a hannunsa ba. Ki gaya masa wanda ya tafi addu'a yake bukata, na cikin cikinki kuwa hatsi. Ya kai na'urar nan Shagwa. Umarni ne, ba shawara ba."

Ya ajiye kofin shayin. Sa'an nan ya ce, "Inna, ba sai an rasa ɗaya ba. Zan kwashe rigar a disket, in sabuwa ta zo in sa mata. Baba zai ci gaba da buɗe shago."

Ku ji wannan wuri da kyau, don a nan ake yi masa ƙarya. Bai yi gaggawa ba, bai yi sakaci ba. Ya sayo sabbin disket guda biyu, wasu 'yan faifai baƙaƙe masu kusurwa huɗu da ke shiga aljihu. Ya kira ni shago ya nuna mini jerin rigunan, ya sa yatsa a kan wadda ya ce an rubuta Baba, ya kwafe ta a na farko, ya kwafe a na biyu. Abin ya shige nan take, har ya ce, "Kin ga, ba ta da nauyi." Bai tsaya nan ba, ya ce sai an gwada. Ya tuɓe wa na'ura rigar Malam ya sa mata ta teku, muka ji kukan ruwa. Sa'an nan ya sa disket ya ɗauko rigar daga ciki. Shuɗi ya dawo, hoto ya dawo, allura ta dawo. Ya kashe ya kunna, Malam ya yi sallama. Ya gwada na biyu, haka. Na amsa sallamar nan sau biyu a safiya ɗaya ina jin daɗi, Asabe na guɗa a bakin ƙofa. Ya ba ni disket ɗaya na ƙulle a tsumma na sa a ƙasan kwalla. Da rana aka ɗora tsohuwar a amalanke da bargonta.

Bayan 'yan kwanaki sabuwar ta iso, baƙa, mai sheƙi. Muka jira wuta. Da ta zo muka taru, har da maƙwabta. Ya sa disket, ya danna. Shuɗin ya zo, shuɗin Malam sak. Amma inda hoton yake sai fili fetal. Kibiya tana nan kibiyarta. Ya kashe ya kunna, muka kasa kunne, ba sallama. Ya duba igiyar lasifika, ya sake. Na aika aka ɗauko nawa daga kwalla, shi ma haka. Sai ya buɗe cikin abin da wata hanya, na ga rubutu ne kawai layi-layi, bai cika fuskar na'urar ba. Ya karanta, ya sake karantawa, na ga gumi ya keto masa a wuya. Maƙwabta suka fara zamewa ɗaya-ɗaya.

"Inna," ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba, "awo na kwaso. Ban kwaso riga ba."

Matar tela ba ta bukatar a yi mata dogon bayani a kan wannan. Abin da ake kira tem ɗin ashe 'yar takarda ce ta kwatance. An rubuta launi kaza a cikinta, shi ya sa shuɗi ya biyo mu. Amma hoto, sai ta ce yana ɗaki kaza. Allura tana ɗaki kaza. Murya tana ɗaki kaza. Ɗakunan nan kuwa duk a cikin tsohuwar na'ura suke. Gwajin da ya yi ya ci ne don a gidanta aka yi shi, an aike ta ɗakin da ta sani ta ɗauko. Shi kuma duk rigunan da ya saba sa wa mutane daga faifan waje suke, masu shiga da kayansu da kansu. Tasa ta hannu ɗaya ce tak, bai taɓa fitar da ita daga gida ba, balle ya san ba ta tafiya da kayanta.

Na ce a nemo taksi. Ni da ban cika wuce kasuwar unguwa ba, ranar na keta gari har Shagwa da zafin rana. Rumfar Alfons ta kwano ce, na'urori jibge ciki a buɗe kamar an yi fiɗa. Ya taso da sauri yana "Lale, Iya, lale," ya share mini benci da rigarsa. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya dafe kai. Tsohuwar tana nan a kan tebur, na gane ta da tabon shayin Malam a gefe. Amma ya riga ya wanke cikinta tas ya zuba sabbin abubuwa, don wani mai kantin magani yana jiranta. Ya kunna, ta yi wani kiɗa na mutanen waje. Bawan Allah nan ya kori sauran masu jiransa, ya zauna da Yaron nan suna tono da wata dabara tasu har rana ta karkata. Sun tono guntayen takardun mutane. Sun tono saman hoton, kan ƙofar shago da rabin hular Malam, daga nan zuwa ƙasa toka-toka. Murya ko tari ba a samu ba.

"Samihni, Iya," in ji Alfons, wato in yafe masa. "Da ya ce mini in jira, da na jira."

Na ce babu laifinsa. Yaron nan ya zauna a ƙasa cikin ƙura da wayoyi, ya haɗa kai da gwiwa, mutum mai mata da 'ya'ya. Hannuna ya so ya sauka a kansa. A gaban baƙo, a bakin titi, bai sauka ba. Na ce wa Alfons, "Ka ce wa abokinka ya tashi, magariba ta kusa."

Da hanya ta buɗe Rabi ta dawo. Ranar Juma'a ce, gida cike da dangin Malam sun zo yi mata barka da zuwa, har da Gwaggo ƙanwarsa. Ko mayafi Rabi ba ta ajiye ba ta nufi shago, tana cewa bari ta gaida Baba. Muka ji kiɗan nan na waje ta bango. Sai ga ta a tsakar gida, shi yana biye.

"Yaya, ina Baba?"

Ya fara yi mata bayanin awo da riga. Ba ta bari ya kai ƙarshe ba.

"Kai da ka iya na'ura? Kai da manyan ofis ke kawo wa? An nuna maka baƙar akwati mai sheƙi, ka ba da ubanka ciko!"

Ya tsaya kansa a ƙasa. Kalma ɗaya ta ishe shi, ya ce Inna ce ta sa ni. Bai faɗa ba, ranar ko bayanta. Idanun dangi duka suka juyo kaina. Na ce, "Rabi, ya isa. Da sanina aka yi."

"Da saninki aka sayar, Inna. Ba da saninki aka zubar ba."

Abin da ya rage in faɗa duk yabonsa ne: shekarar da ya yi yana korar masu kawo aiki saboda ni, zoben matarsa, disket biyu, gwaji biyu, zamansa cikin ƙura a Shagwa. Uwa ba ta jera wa ɗan fari irin wannan a gaban dangin miji. Na yi shiru, su kuwa suka ɗauki shirun nan fushi ne nake haɗiyewa. Gwaggo ta tafi da labarin yadda ta fahimce shi, ta raba wa kowa. Asabe ta je Butalbagar ta yi bayani, aka ce mace ai mijinta za ta kare. Rabi ta ci gaba da zuwa gaishe ni, amma ta ƙofar baya, ba ta sake taka shago ba.

Shago ya farfaɗo. Aiki ya dawo, aka haifi Ummi cikin wadata, zobe ya koma yatsan mai shi. Amma bai sake yi wa wata na'ura riga ba. In an kawo sai ya ce ya daina. Tasa ya bar ta da shuɗin nan kawai, ba hoto, ya zare lasifika ya ba yara. Shekaru suka wuce, har wani sabon tsarin ya sake fitowa. Ran nan da hantsi ya shigo tsakar gida ya tsuguna nesa da ni kaɗan, yana wasa da makullin shago.

"Inna, yau na ga wani abu. Sun fito da wata irin riga. Yanzu in ka adana ta, hoto da murya da launi duk ana ƙulle su a ƙunshi ɗaya. Inda ka kai ƙunshin, komai ya je."

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. Na kalli bango na ce, "To ashe su ma masu abin sun ga wurin yana da rami, tun da suka cike shi. Wanda ya faɗa kafin a cike, ba makaho ba ne." Ya sa makullin a aljihu. Sa'an nan ya ce a yi masa addu'a, ya koma aiki. Iyakar abin da na iya ba shi ke nan a lokacin.

In kun tambaye ni ko na yi nadamar umarnin nan, ban yi ba. Ko yau aka dawo da ni safiyar nan, abin da zan ce wa Asabe ke nan. Amma an biya, kuma ba ni kaɗai na biya ba.

Alfons ya koma garinsu a kudu da ƙafa ta fara ba shi wahala, har ya tafi duk Salla yana aiko mini da sabulu. Gwaggo ta rasu da labarinta yadda ta san shi, Allah ya jiƙanta. Asabe tana nan, ita ke juya gidan yanzu, ni baƙuwarta ce. Ummi tana karatun aikin jinya. Keken Malam yana hannun wani tsohon almajirinsa a Shagwa, an ce har yau yana ɗinki. Ni kuwa kalmomin suna nan a kaina ba wadda ta ɓace, amma amon ya tafi. Ina rufe ido in nemi kaushin nan, sai in ji muryata ce ke faɗa. Yaron nan ya koma gyaran wayoyi a ɗakin nan dai mai kallon titi, ya sa tabarau, bayansa ya fara rusunawa irin na ubansa. Rabi tana Butalbagar, mijinta ya rasu, ta yi jikoki. Suna gaisawa da yayanta a wurin suna da wurin makoki, gaisuwar da ba ta wuce tambayar gajiya. Na ce in an gama rubutun nan a fara kai mata, a karanta mata tun daga sama, kada a tsallake komai. Rabi, kin ji abin da bakina ya kasa a gaban Gwaggo. Yayanki yana buɗewa da hantsi, ba ya rufewa sai la'asar sakaliya, kuma ƙofar gaba ce.